Masu Korar Jan Baki

Malama Rahila ta sa hannu ta fizge takardar daga jikin allon sanarwa. Ƙusoshi suka riƙe kusurwoyinta huɗu, sauran ta biyo hannunta. Ta tsaya a barandar tana duba abin da ta riƙe. Rubutun hannunta ne. Sunaye goma sha biyu, kowanne da ajinsa, kamar yadda ta jera su da kanta makonni uku da suka wuce. Abu ɗaya kawai aka canza. A sama, inda ta rubuta "Ɗalibai masu buƙatar taimako a karatu", wani ya soke da jan biro ya rubuta: "Masu tsaron tsuntsu a gonar kwaleji, kullum, har a yanke shinkafa."

Ɗalibai biyu da ke share barandar suka daina shara suna kallonta. Da ta ɗago kai suka sunkuya suka ci gaba.

Ita ce malamar ba da shawara a wannan kwalejin horon malamai da ke bayan garin Haɗeja. Ofishinta tsohon sito ne, har yanzu akwai karyayyun kujeru jibge a lungu ɗaya. Shekara biyu ta yi tana lallashi kafin yaran nan su fara shigo mata, ɗaya bayan ɗaya, yawanci lokacin da 'yan uwansu suke filin ƙwallo. Wani ba ya ganin allo sosai. Wani in an tsayar da shi a gaban aji harshensa ne ke ɗaurewa. Kowannensu ta yi masa alkawari iri ɗaya: babu mai ganin sunanka sai ni da mataimakin firinsifal. Ta kai takardar ofis tana roƙon a ba su aji na musamman da yamma. Kwana biyu bayan haka aka aiko mata mahaifinta ya rasu a Zonkwa, ta tafi. Jiya da la'asar ta dawo.

Suna na bakwai shi ya fi tsaya mata a rai. Zarami Fannami, ɗan wani masunci daga yankin Kirikasamma. In aka faɗa masa abu sau ɗaya ya riƙe ke nan. Amma in ya kalli takarda sai layukan su riƙa hawa kan juna, shafi ɗaya ya cinye masa rabin awa. A littattafan da ta karanta a jami'a abin yana da suna. A nan kuwa daƙiƙanci ake ce masa. Ya riga ya maimaita aji sau ɗaya, aji biyar ɗin da yake ciki ma na gwaji aka ba shi. Yau da ƙarfe goma zai sake rubuta jarrabawar Dabarun Koyarwa. Dokar kwaleji a fili take: in ya faɗi, ko bai zo ba, sai gida.

Ta duba agogonta. Takwas da kwata.

Malam Haruna, mataimakin firinsifal, yana ganinta ya miƙe tsaye.

"Malama, sannu da dawowa. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya sa ya huta."

"Amin, Malam. Na gode."

"Yaya kika baro Mama da sauran 'yan uwa?"

"Suna lafiya."

Sai da ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan sama a can kudu, ta amsa masa duka, takardar tana dunƙule a hannunta. Da gaisuwa ta ƙare ta shimfiɗa ta a kan teburinsa ta danne da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

Ya leƙa. "Au, wannan. Zauna mana, Malama."

"A tsaye ma ina ji."

Malam Haruna ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da aiki ya yi wa yawa, firinsifal kuma rabin wata a Dutse yake yi. Ya yi mata bayani a tsanake. Tun bara da aka raba jiha, motar abinci ba ta zuwa a kan kari. Baki ɗari shida ke cin abinci a kwalejin nan sau uku a rana. Shinkafar gonar kwaleji ita ce za ta riƙe su har ƙarshen zango, ga tsuntsayen jan baki sun sauka a fadama bana kamar ba a taɓa gani ba. Leburori duk sun gudu tsaron gonakinsu.

"Malamin gona ya zo ya ce in ba shi yara goma sha biyu. Ina cikin tunanin inda zan samo su, na buɗe durowa, sai ga goma sha biyu cif, a rubuce, da ajin kowa. Wallahi kamar aiko min aka yi."

"Ni na aiko maka. Na ce a taimake su."

"Za a taimake su, da zarar an yi yanka."

"Na ce maka sirri ne, Malam. A ofishin nan na faɗa maka, kana zaune a kujerar nan."

"To ai ba wani abin kunya aka rubuta ba."

"Layi ɗaya aka ja a kan rubutuna! Makaho ne kawai ba zai karanta abin da ke ƙasa ba. Sati uku takardar nan tana rataye, kowane yaro ya wuce ya karanta."

Ya gyara hularsa.

Ta ce, "Yau Zarami yake da jarrabawa."

"To ya zo ya rubuta mana. Wa ya hana shi? Izinin da na ba ki na ki karanta masa tambayoyi yana nan, ban janye ba. Maganar gona kuwa, Malam Hamman za ki gani. Ni na riga na danƙa masa su."

Ta ɗauke takardarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Gonar tana bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, tafiyar minti ashirin. Daga inda tudu ya ƙare hanyar ta zama siririyar gaɓa, ruwa dama da hagu. Tun kafin ta hango gonar ta fara jin ƙarar gwangwanaye. An kafa rumfuna dogaye a kewayen shinkafar, daga kowace rumfa igiyoyi sun miƙe a kan sanduna, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. A kan kowace rumfa akwai mutum a tsaye. Can gabas wani abu baƙi ya taso daga cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, kamar hayaƙi, ya lanƙwasa, ya nufo gonar. Sai ihu ya tashi ko'ina, "Haa! Haa!" igiyoyi suka girgiza, baƙin abin ya watse ya koma.

Malam Hamman, malamin gona, ya taho yana taka taɓo da dogon takalminsa na roba. Gajere ne, rana ta ƙona shi, muryarsa ta dishe.

"A'a, Malama da kanta a fadama? Da wannan takalmin? Yaya haƙuri?"

"Da godiya. Zarami na zo ɗauka."

"Zarami? Duk cikinsu shi kika zaɓa? Ɗauki biyu ki bar min shi."

"Ba ciniki na zo ba, Malam Hamman. Jarrabawa gare shi ƙarfe goma."

Ya kama hanya ya ce ta biyo shi. Ya nuna mata wata gona da ke maƙwabtaka da tasu. Kawunan shinkafar a tsaye suke, farare, babu nauyi a jikinsu.

"Ta wani dattijo ce. Jana'iza ya tafi ranar Talata, awa biyu kawai. Ki murza ki gani, ƙaiƙayi ne zalla. Zarami shi ke riƙe min gabas, bakin kacala, inda suke fara sauka. Shi ya san tashinsu tun kafin su tashi. In ya sauka minti goma, abincin yaranki na sati guda ya tafi. Dokata ɗaya ce a nan: kai ɗaya ya sauka, kai ɗaya ya hau."

"Ka san su wane ne waɗannan yaran da aka ba ka?"

"Na sani mana. Ke ma ki yi min adalci. Wa kike so in ɗauko daga aji? Wanda zai ci jarrabawa ya zama malami, ko wanda ko ya zauna allo ba ya yi masa magana? A nan aƙalla suna da amfani."

 Ta haɗiye fushinta, domin in ta buɗe baki abin da zai fito ba na malama ba ne. Ta wuce shi ta bi gaɓar gabas. Takalminta ɗaya ya nutse, ta zaro shi da hannu ta ci gaba.

Zarami yana tsaye a kan rumfa, dogo, siriri, ya ɗaure kansa da tsumma, majajjawa a rataye a kafaɗarsa. Ya gan ta tun daga nesa. Bai sauko ba.

"Ina kwana, Malama," ya ce, idonsa yana kan kacala.

"Zarami, yau ce jarrabawarka."

"Na sani."

Ta ɗauka ba a faɗa masa ba ne. Ta tsaya tana kallonsa daga ƙasa.

"Ka sani, kuma kana nan?"

"Ina nan inda aka ajiye ni."

"Sauko mu yi magana."

"Maganar da muka yi a ofishinki ta isa." Ya ja igiya da ƙarfi, ko da yake babu tsuntsu ko ɗaya a sama. "Rubutunki ne a allon, Malama. Ni da ba na iya karatu ma na gane shi. Kin san me ake yi mana a ɗakin cin abinci? Muna shiga sai a fara buga kwanoni, ana haa, haa. 'Yan aji ɗaya ma yi suke. Shekara biyar ina ɓoye abin nan. Ina zama a baya, ina saurare, abokina yana karanta min littafi a bayan masallaci. Babu wanda ya sani sai da kika ce in zo za ki taimake ni."

"Laifina ne. Ni na ba da takardar, kuma na tafi na bar ta."

Ya mayar da idonsa kan kacala.

Ta ce, "Me ya sa malami yake fara darasi da abin da yaro ya riga ya sani?"

"Malama, don Allah ki bar ni."

"Tambayarka nake yi."

"Saboda sabon abu ba ya tsayawa shi kaɗai, sai ya sami inda zai kama!" Da faɗa ya faɗe shi. "In za ka koya wa ɗan masunci lissafi ka fara da kifin da ke kwandonsa, kada ka fara da jirgin ƙasan da bai taɓa gani ba. Daga sananne zuwa wanda ba a sani ba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. In ci gaba? Sani ba shi ne ciwona ba, ke kin fi kowa sani."

"To me ya hana ka?"

Ya saki igiyar. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Babana duk wanda ya zo sayen kifi sai ya faɗa masa ɗansa ne zai zama malami na farko ɗan garin a makarantarmu. In aka kore ni ina nan, zan ce masa gona suka kai ni, kowa ya shaida. In na je na zauna na faɗi, da takarda za a aika. Kin ga an tabbatar."

Hayaƙin nan ya sake tasowa. Ya juya mata baya ya shiga ihu tare da sauran.

Ta koma wurin Malam Hamman. "Ka ce kai ɗaya ya sauka, kai ɗaya ya hau?"

"Haka na ce."

"Kada ka manta."

Tara da rabi saura kaɗan ta iso kwaleji, zaninta jiƙe har gwiwa. A jadawali tana da darasi da aji biyar na farko, ajin da ake tara waɗanda suka fi kowa maki. Su talatin da takwas ne, fararen rigunansu a goge. Suka miƙe suka gaishe ta da baki ɗaya. Wasu na kallon ƙafafunta suna danne dariya.

Ba ta ce su zauna ba.

"Su wa ke buga kwano a ɗakin cin abinci?"

Suka kalli juna.

"Auta, kai ne shugaban ɗalibai. Ba ka taɓa ji ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Wasa ne kawai, Malama."

"Wasa. Nan da wata tara za a ba kowannenku aji. A kowane aji akwai yaro irin waɗancan, wani wurin uku. Kwano za ku buga musu?" Ta ji muryarta tana hawa, ta dakata ta sauke ta. "Shinkafar da kuke ci da rana, kun san wa ke tsaronta? Ku rufe littattafai. Darasin yau a waje za mu yi. Layi biyu."

Suna wucewa ta gaban ofis Malam Haruna ya fito baranda.

"Malama! Ina za ki kai su?"

"Darasi, Malam. Lokacina ne, yana kan jadawali."

"Waɗannan fa su ne za su fitar da mu kunya a jarrabawar ƙarshe!"

"Shi ya sa. Ko sun rasa darasi ɗaya ba abin da zai same su."

Ba ta tsaya jin amsarsa ba. A kan gaɓa layin biyu ya koma ɗaya, masu fararen takalma suka tuɓe suka riƙe a hannu. Malam Hamman ya hango su, ya cire malafarsa ya riƙe ƙugu.

"Waɗannan kika kawo min? Malama, waɗannan ko akuya ba su taɓa kora ba."

"Za su koya. An ce su ne masu saurin ganewa. Goma sha biyu ka ce, ga talatin da takwas. Yarana duka nake so su sauko su tafi aji."

Ya kalle ta, ya kalli yaran, ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta jin daɗi ba ce.

"Na ji. Amma wanda ya hau rumfa ba ya sauka sai rana ta take, tsuntsu ya koma inuwa. Ba ruwana da jadawalinku."

"Ni ma yau ba ruwana."

Aka rarraba su, uku-uku a kowace rumfa. Auta da wasu biyu aka tura gabas. Garin hawa ƙafar Auta ta zame ya zauna daɓas a cikin taɓo. Babu wanda ya yi dariya. Da ya hau ya kama igiya ya fara ja ba ƙaƙƙautawa, sai Zarami ya fizge ta daga hannunsa.

"Ba haka ba! In kana ja kullum sabawa suke yi da ƙarar. Ka bari sai sun karyo, sun kusa taɓa kan shinkafa, sannan ka ja gaba ɗaya. Kada ka kalli gona, kacala za ka kalla. In ka ga kanta yana rawa babu iska, tashi za su yi."

"To," Auta ya ce a hankali.

Malama Rahila tana ƙasa tana jira. Goma saura minti biyu.

Zarami ya leƙo. "In na faɗi fa?"

"In ka faɗi ka faɗi. Ba zan ƙara yi maka alkawari ba, na ga inda na farko ya kai mu. Abin da zan iya shi ne in karanta maka kowace tambaya sau biyu. Shi ke nan abin da ke hannuna."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya cire majajjawar daga kafaɗa ya rataya wa Auta, ya diro.

Duk saurinsu sai goma da minti ashirin da biyar suka isa ɗakin jarrabawa. Mai tsaron jarrabawar Malam Shu'ibu ne, malamin lissafi, tsoho mai farin gemu wanda bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa yafe wa wanda ya makara ba. Ɗalibai bakwai na zaune nesa da juna suna rubutu. Ya tare su a bakin ƙofa, ya duba agogonsa, ya dubi taɓon da ke ƙafafunsu.

"Doka ta ce wanda ya wuce rabin awa ba ya shiga. Saura minti biyar. Shiga."

Ta miƙa masa takardar izini. Ya karanta ta tun daga sama har sa hannu.

"An ce ki karanta masa. Ku zauna can baya, ki yi ƙasa da murya."

"Malam, minti ashirin da biyar sun tafi, kuma ba laifinsa ba ne. A gona aka ajiye shi. A ƙara masa ko da su ne."

"Takardar nan ba ta ce ƙari ba."

"Takarda! Kullum takarda! Da takarda aka kai shi fadama."

"Malama, kina damun masu rubutu." Ya nuna mata dokokin da ke manne a bango. "Ana kaɗa ƙararrawar sha biyu, kowa ya ajiye biro. Ni ban rubuta ba, ban kuma isa in goge ba."

Suka zauna a benci na ƙarshe. Tambayoyi huɗu ne, kowacce dole. Ta karanta masa ta farko sau biyu, ya gyaɗa kai tun kafin ta gama. Sannan ya fara rubutu, a nan wahalar take. Kowace kalma sai ya furta ta a leɓensa kafin ya ɗora biro. Igiya ta yanka masa tafin hannu, yana rubutu yana buɗe yatsu yana sake damƙewa. Tana ganin amsar tana fitowa daidai, tana kuma ganin yadda take rarrafe. Ta ɗora hannunta a cinya ta rufe agogon da ɗaya hannun, amma ba ta iya daina leƙawa ba.

Ta farko ta ci minti arba'in. Ta biyu ta ɗan fi sauri. Sha biyu saura kwata ya shiga ta uku. Ta san yadda ake ba da maki a wannan darasi, ta san kuskuren rubutu zai ci nasa rabo. Biyu da rabi ba za su fitar da shi ba. Ta fara shirya a zuciyarta abin da za ta faɗa wa Malam Haruna, da firinsifal in ya dawo, da duk wanda ya tare ta. Ta ga duk abin da za ta faɗa ba zai mayar da yaron nan aji ba, sai ta ƙara jin zafi.

Sauran bakwai ɗin suka gama ɗaya bayan ɗaya, suka miƙa takardunsu suka fita. Ɗakin ya rage su uku.

Sha biyu ta cika a agogonta. Zarami bai sani ba, kansa yana ƙasa. Ta jira ƙarar. Ba ta zo ba.

Minti uku suka wuce. Biyar. Malam Shu'ibu ya duba agogonsa, ya kara shi a kunne. Ya tashi ya je bakin ƙofa ya leƙa gindin dalbejiya, inda tsohon ƙarfen tayar mota yake rataye, wanda shi ne ƙararrawar kwaleji. Babu kowa a wurin.

Ya juyo. "Ina Ari mai kaɗa ƙararrawa?"

Sai a lokacin ta tuna. Ari ɗan aji biyar na farko ne. Tun da aka sace guduma sau biyu, a aljihunsa yake yawo da ita.

"Yana gona," ta ce. "Yana kan rumfa."

"Sai yaushe?"

"Sai Malam Hamman ya sake su."

Malam Shu'ibu ya sake duba agogonsa. Zarami ya ɗago kai, ya dubi tsohon, ya dubi agogon da ke hannunsa, ya gane. A hankali ya ajiye biro a kan takardar ya janye hannunsa.

"Wa ya ce ka ajiye?" Malam Shu'ibu ya daka masa tsawa. "Ka ji ƙararrawa ne?"

"A'a, Malam."

"Ni ma ban ji ba."

Ya tura ƙofar ya rufe, ya koma kujerarsa, ya kwance agogon daga hannunsa ya jefa a aljihun babbar riga. Ya ɗauki takardun bakwai ɗin nan ya shiga jera su bisa lamba, a natse, kamar aikin zai kai shi azahar. Zarami ya ƙarasa ta uku, ya busa tafin hannunsa.

Malama Rahila ta ɗauki takardar tambayoyi. Ta dafa ta a kan benci, tana kallon ƙofar da aka rufe.

"Malama, me kike jira?" tsohon ya ce, bai ɗago ba. "Karanta masa ta huɗu."